Darasi na Tara: Duba Kwalin Maganin Neman Haihuwa Kafin Ki Biya

'Yar'uwa, maganin da likita ke rubutawa mai neman haihuwa yana da tsada, kuma inda kuɗi yake nan 'yan jabu ke taruwa. Wani ya kan buɗe kwali na gaskiya, ya zare maganin ciki, ya cusa wani, ya mayar ya liƙe. Wannan darasin zai koya miki ganewa tun kina gaban kanta. Ki karanta a hankali, ba sauri muke yi ba.

Mataki na ɗaya: bakin kwali

Karɓi kwalin da hannunki. Juya shi, ki dubi baki biyun, sama da ƙasa. Kamfani kan liƙe bakin da gam ko da 'yar takarda mai sheƙi, yadda ba za a buɗe ba sai an yaga. Shafa da yatsa. In kin ji danƙon sabon gam, ko kin ga salatif, ko takardar ta tattare kamar an ɓare an mayar, ajiye. Sai ki nemi lambar NAFDAC, hukumar da ke rajistar magunguna a Nijeriya. Kwalin da ba shi da ita, ba naki ba ne.

Mataki na biyu: waje da ciki su zo ɗaya

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe.

A gefen kwali akwai ƙananan rubuce-rubuce uku. MFG ranar da aka yi maganin ce. EXP ranar da zai lalace. LOT ko BN lambar rukunin da aka haɗa shi ce. In kin ga EXP 08/2027, ma'anarsa wata na takwas, Agusta, shekarar 2027. Lambar farko wata ce, ta biyu shekara.

Yanzu ki ce wa mai kantin: "Malam, don Allah buɗe mini a nan." Ya fito da katin ƙwayoyin. A bakin katin an danna LOT da EXP, wani lokaci ba tawada, sai kin karkata shi wajen haske. Ɗora katin a kan kwalin. Yatsa ɗaya a lambar kwali, yatsa ɗaya a lambar kati. Karanta harafi ɗaya a nan, ɗaya a can. Ɗaya a nan, ɗaya a can, har ƙarshe. In ko ɗaya ya saɓa, wannan katin ba a cikin wannan kwalin aka haife shi ba.

Kin ruɗe? Ba komai, kowa da haka ya fara. Sake daga farko. Kula da 6 da 9, da 0 da 8, su ne ke yaudarar ido. Yatsa a kwali, yatsa a kati.

Da yawa suna duba kwalin kaɗai su ce sun gama. Ba ku gama ba! Kwali ba shi kike haɗiya ba. Kuma wannan kunyar ta "kada a ga ina sayen maganin haihuwa", har ki cusa shi cikin hijabi ki fice, ki daina ta. Kin tara kuɗin adashi, kin sha layi a asibitin Barau Dikko na Kaduna kin ga likita, sannan minti biyu na dubawa ya gagare ki? Koma: lambar waje, lambar ciki.

Ki kuma dubi bayan katin. Kowane gurbi a rufe yake da takardar gwangwani. Clomiphene, alal misali, wani maganin neman haihuwa, ƙwaya ce mai miligiram 50, kuma a kan sha ta kwana biyar. Kada ki karɓi ƙwayoyi tsirara a ƙulle a leda.

Mataki na uku: allura

Kwalbar allura tana da hular roba a kan zoben ƙarfe. In an taɓa cire hular, ba ta komawa daram. Robar da ke ƙasa kada ta nuna hudar allura. Garin ciki fari ne, busasshe. In ya jiƙe ko ya canza launi, mayar. Nan ma LOT na kwalba ya zo ɗaya da na kwali. Yatsa a nan, yatsa a can.

Yawancin waɗannan allurai suna son sanyin firij, digiri 2 zuwa 8, ba daskarewa ba. Ki ga an ciro ta daga firij da idonki. Daga Tudun Wada zuwa Kawo a cikin Keke Napep da rana tafiya ce, ki zo da 'yar kula mai ƙanƙara a ciki, ki naɗe kwalin a tsumma kada ya taɓa ƙanƙarar.

Mataki na huɗu: kankarewa

Wasu kwalaye na da wurin kankarewa kamar katin waya. Kankare, ki tura lambar ta tes zuwa lambar da aka rubuta a wurin, ki jira amsa ko maganin na gaskiya ne. Ba kowane kwali ke da shi ba.

Mataki na biyar

Karɓi rasit. Kada ki yar da kwalin sai magani ya ƙare.

Aikin gida: ɗauko kowane kwalin magani a ɗakinki, ki kwafi LOT na waje da na ciki a littafinki.