In za ka je masallacin Agadas daga Tawa

To ɗan uwa, ka yanki tikitin kar, wato babbar motar fasinja, tun jajibiri, tafiyar ta kai kilomita 400 ta Abalak kuma hanyar ba ta da daɗi, ka riƙe kart dantite a aljihu don akwai shingaye. Lokacin ɗari ya fi, watan 12 ko na 1.

In ka isa kar ka ce kai kaɗai za ka shiga, nemi gid, wato ɗan rakiya, ɗan gari ku gama maganar kuɗi tun a ƙofa, shi zai maka iso wurin masu kula da masallacin, ya ba ka labarin yadda aka gina shi da laka a 1515 aka sake gyara shi a 1844. Hasumiyar mita 27 ce, itatuwan nan da suka fito mata ta ko'ina su magina ke takawa in za a yi yaɓe.

Hawan ne aiki wallahi, matakalar sai ƙara matsewa take har ka koma tafiya a duƙe, ga duhu ga warin jemage, ni da babbar riga na shiga na fito kamar maginin. Kunna fitilar waya. A sama gari duk yana ƙarƙashinka, fadar Sarkin Abzin na nan dab.

Kar ka je lokacin salla sai in sallar za ka yi, hoto kuma tambaya tukuna.