Yadda ake nemo kolum ɗin da ya ɓace a sakamakon kweri na Microsoft Access

Kwanaki na haɗa kweri (wato tambayar da ke zaƙulo bayanai daga tebur) a Access don in fito da sunayen ɗalibai da ajinsu da ranar haihuwarsu, na danna Run sai ga suna ga aji amma ranar haihuwa ko sama ko ƙasa. Na buɗe tebur ɗin, ga ta nan daram cike da bayanai. Wallahi na kai kusan awa ɗaya ina kame-kame har na fara zargin ko fayil ɗin ne ya lalace, ashe wani ɗan mitsitsin akwati ne aka cire wa tik.

To in ta same ka, kar ka taɓa tebur tukuna. Buɗe kwerin, ka je View ka zaɓi SQL View, ka karanta abin da ke tsakanin SELECT da FROM. Ko ba ka iya SQL ba, wato yaren da ake rubuta kweri da shi, za ka gane, sunayen kolum ne kawai a jere da waƙafi tsakaninsu. Nan ake raba gardama, ko dai sunan da kake nema yana cikin jerin ko baya nan, kuma kowanne da maganinsa daban.

In yana nan, to kwerin ya ɗauko shi, ɓoye maka kawai aka yi. Koma Datasheet View, ka danna dama na maus a kan sunan kowane kolum, ka zaɓi Unhide Fields, zai buɗo jerin duka, wanda babu tik a gefensa shi ne ɓoyayyen sai ka sa masa. Wani lokacin ma ba wanda ya ɓoye shi da gangan, hannu ne ya ja bakin kolum ɗin har faɗinsa ya koma sifili. Lokacin rufewa in ya tambaye ka ko ya ajiye canjin ka ce masa Yes, in ba haka ba gobe ka dawo ka tarar ya sake ɓuya. Sannan ka duba da kyau ko yana gabanka ne da wani suna, don in an sa Caption a tebur shi zai fito a sama ba ainihin sunan ba, haka in an canja masa suna da kalmar AS a cikin SQL ɗin. In kuma tebur biyu ka haɗa kowanne yana da kolum mai suna Lamba, za ka ga Dalibai.Lamba da Azuzuwa.Lamba, ido ya tsallake su yana neman Lamba zalla.

In kuma baya cikin SELECT ɗin, ai tun farko ba a tambayo shi ba. Shiga Design View ka kalli layin Show a ƙasa, in akwatin kolum ɗin babu tik ka sa masa, nan nawa ya maƙale. Ka ja har can ƙarshen dama fa, don Access yana da ɗabi'ar tura kolum marar tik zuwa ƙarshe bayan an yi sebin, in ma babu wani sharaɗi ko jerantawa a kansa sai ya share shi daga wurin gaba ɗaya, sai dai ka sake jawo shi daga tebur ɗin da ke sama. Masu LibreOffice Base, naku layin sunansa Visible, aikin ɗaya ne.

Akwai wani tarko a kwerin da aka kunna wa Totals, wato mai haɗa jimilla. Duk kolum ɗin da ka zaɓa wa Where a layin Total, Access da kansa zai cire masa tik kuma in ka mayar zai ƙi. Dabarar ita ce ka jawo kolum ɗin karo na biyu ka bar shi a Group By, amma ka sa ido a kan yawan layukan sakamakon don za su iya ƙaruwa, jimillarka ta rarrabu.

Idan ka duba tebur ɗin da ke saman Design View shi ma babu kolum ɗin a ciki, duba ko tebur ne da gaske ko wani kweri ne aka ɗora wannan a kansa. Mutane na son ɗora kweri kan kweri har hawa uku huɗu, kuma abin da na ƙasa bai miƙo ba na sama ba zai taɓa gani ba, dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda aka yar da shi. Wasu suna sa alamar tauraro * don komai ya riƙa wucewa har da kolum ɗin da za a ƙara gaba, ni dai ban cika so ba don yana kwaso tarkacen da ba a buƙata, ga shi Access ba ya wuce kolum 255 a sakamako ɗaya. In tebur ɗin jone yake daga wata ma'ajiyar bayanai ta waje kamar SQL Server ta ODBC (hanyar da ke haɗa su), Access yana riƙe da tsohon tsarin ne, je External Data ka buɗe Linked Table Manager ka sabunta haɗin, sabon kolum zai bayyana.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne Crosstab, wato kwerin da ke taƙaita lissafi a jadawali mai kanun bayanai a gefe da kuma sama. Shi kolum ɗinsa daga bayanan yake ƙirƙiro su, misali kana lissafin watanni 12, watan da ba a shigar da komai ba ba zai fito ba sam, ka ga 11 ka yi ta ƙirge. Buɗe Property Sheet na kwerin, a Column Headings ka rubuta duk watannin da hannunka kowanne cikin alamar zance, da waƙafi tsakani. Amma rubutun ya zo daidai da yadda yake a bayanan, in bayanan na cewa "Jan" kai ka rubuta "Janairu" za ka samu kolum fanko kuma lissafin watan ya bi iska ba tare da ya yi maka ko gargaɗi ba.

In kwerin ya nuna kolum ɗin amma fom ko rahoton da ke kansa bai nuna ba, buɗe fom ɗin a Design View, ka tabbatar Record Source ɗinsa, wato inda yake ɗauko bayanai, wannan kwerin ne ba wani mai kama da suna ba, sai ka danna Add Existing Fields ka jawo kolum ɗin ka ajiye inda kake so.