Mai kare a gida: yadda za ka kauce wa karaya da cizo

Yanzu a Kano da Kaduna da Jos da Abuja ana ta kiwon manyan karnukan waje, su German Shepherd da Rottweiler da Boerboel, wasu don gadi wasu kuma sha'awa ce kawai. Abin da ke damuna shi ne yawancin waɗanda kare ke ji wa ciwo ba ɓarayi ba ne, mutanen gidan ne, maigidan ko maigadi ko yaron da aka ce ya fita da shi shan iska. Kuma ba cizo kaɗai ba ne fa, igiyar ma tana karya mutum. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun gano daga 2001 zuwa 2020 manya sama da 422,000 aka kai sashen gaggawa na asibiti saboda raunin da suka samu suna jan kare da igiya, kuma abin da ya fi yawa karayar yatsa ne, sai buguwar kai, sai targaɗen kafaɗa.

To mu fara da riƙon igiyar. Don Allah kar ka naɗe ta a yatsu ko a wuyan hannu, wannan shi ne babban kuskuren da kowa ke yi wai don kar ya kufce, alhali babban Boerboel ya fi buhun siminti nauyi, yana hango mage ko akuya zai zabura lokaci ɗaya, igiyar ta shaƙe yatsun ta murɗe su kafin ma ka ankara. Ka zura babban yatsa kawai cikin madaukin, ka dunƙule sauran a tafin hannu, ɗaya hannun ya riƙe tsakiyar igiyar, yadda in abin ya fi ƙarfinka za ka iya saki. Igiyar ta zama gajeriya, kamar mita ɗaya da rabi, mai faɗi. Wannan siririyar mai maɓalli da ke naɗe kanta ni sam ban yarda da ita ba, tana ba kare damar yin gudu mai nisa kafin ya fizge ka, kuma in ka cafke zaren da hannu yanka yake yi. Ka sa takalmi sau-ciki ba silifas ba, waya kuma ta zauna a aljihu, hanyoyinmu ga kwata ga ramuka ga ɗan acaɓa da zai ɓullo ta lungu ba ko hon. In karen mai ja ne ka nemi abin ɗaurin ƙirji wanda ake maƙala igiya ta gaba, in kuma mai faɗa ne a sa masa takunkumi kafin a fita ƙofa. Yaro ɗan shekara goma da tsoho kam ba su da haɗi da jan babban kare.

Karen da kullum yana ɗaure a sarƙa cikin rana, ba ya ganin kowa sai mai ba shi abinci, shi ya fi saurin cizo ranar da ya kwance. A riƙa fita da shi bayan asuba ko bayan la'asar, a sabar masa da mutanen gida tun yana kwikwiyo. Yara kuma a ja musu kunne: ba a taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, ba a zuwa kusa da karya mai shayarwa, in ya fara gurnani ya sandare a ja baya a hankali, ban da gudu ban da ihu. In ya kayar da yaro, yaron ya dunƙule ya rufe wuya da fuska da hannuwa. Karnuka na faɗa kuma kar ka sa hannu a tsakaninsu, naka ma zai cije ka, watsa musu bokitin ruwa.

Yanzu idan cizon ya riga ya faru, nan ne nake so a saurara da kyau. Abu na farko wanki, ruwa mai gudana da sabulu, minti 15 cur ka duba agogo, sannan a sa aidin. Ban da toka, ban da barkono, ban da man birki, ban da ƙona gashin karen a barbaɗa, wallahi ba abin da suke yi wa ƙwayar cutar haukan kare. Daga nan asibiti a ranar, ba kemis ba, ko da yakushi ne kawai ko ya lashi wurin da kake da ciwo. Allurar rigakafin ba guda ɗaya ba ce, ana yi ranar farko, a dawo rana ta 3 da ta 7 da sauran ranakun da likita zai rubuta, in cizon ya huda fata akwai wata da ake yi a cikin raunin kansa, ga kuma ta tetanus. Na san kuɗin na da nauyi, amma kar a tsaya a rabi saboda an ga wurin ya warke, cutar kan yi wata biyu zuwa uku ba alama, kuma da zarar mutum ya fara tsoron ruwa da firgita kusan ba wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, shi ya sa nake cewa a daina dukan yaro don ya tsokani kare, tsoron duka ne ke sa su ɓoye cizon. Karen kuma in naka ne a killace shi kwana 10 likitan dabbobi na duba shi, amma allurar mutum ba ta jiran wannan.

Shi kansa karen a yi masa rigakafi yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara a ajiye katin, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar, asibitocin dabbobi na gwamnati ma suna yi.

In faɗuwa aka yi, yatsa ko wuyan hannu ya kumbura, a cire zobe nan take kafin ya maƙale, a sa ƙanƙara cikin tsumma, a ɗauki hoton ƙashi kafin a je wajen mai ɗori. Wanda ya bugu a kai kuma yana amai ko jiri ko barci na ta fizgarsa, musamman dattijo mai shan maganin tsinka jini, a kai shi asibiti a take kar a ce sai da safe.