Yadda Ake Rayuwa da Sana'ar Fim ɗin Dokumentari Ba Tare da Kamfani a Bayanka Ba

Mai shirya dokumentari da ke cin gashin kansa aiki iri biyu ne a hannunsa. Akwai na kwangila, wato na ƙungiyoyin agaji, ma'aikatu da gidajen jarida, wanda shi ke kawo kuɗin cefane. Akwai kuma nasa fim ɗin, wanda zai iya cinye shekara biyu ko uku bai kawo ko sisi ba, amma shi zai sa a san da zamansa. Dole na farkon ya ɗauki nauyin na biyun, don haka tun daga rana ta fari ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe asusun banki da sunan. Ƙungiya mai tsari ba ta tura kuɗin kwangila asusun mutum.

Samun shiga

"Marinar Ƙofar Mata" wuri ne, bai zama labari ba tukuna. Labari shi ne tsohon marini da hannunsa ya rine da baba har gwiwa, ɗansa kuma ya ce shi sayar da waya zai yi, ba zai gaji rini ba. Nemi mutum ɗaya mai wata buƙata, da abin da ya tare masa hanya, wanda al'amarinsa zai sauya kana nan kana ɗauka.

Zuwan farko da na biyu, bar kyamara a gida. Fara da mai unguwa ko dagaci, in kasuwa ce ka ga shugaban 'yan kasuwar, ka faɗi abin da ya kawo ka ba ƙumbiya-ƙumbiya. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan gamu da "wa ya ba ka izini?" ana tsakar aiki, ranar kuwa ta tafi ke nan. In labarin ya shafi cikin gida, ka san ba shiga, sai da mace a tawagarka wadda ta iya riƙe kyamara da sauti da kanta.

Duk wanda zai yi magana a fim ɗin ya sa hannu a takardar amincewa. Rubuta ta da Hausa, ka fayyace inda za a nuna fim ɗin: intanet, talabijin, ƙasashen waje. Wanda bai karanta boko ba, a karanta masa a gaban kyamara ya amsa da bakinsa. Yaron da bai kai shekara 18 ba sai mahaifi ko waliyyi ya amince. Gidan talabijin na waje ba ya sayen fim ɗin da ba shi da waɗannan takardu komai kyansa, kuma bin mutane da takarda bayan shekara biyu wahala ce: wani ya yi ƙaura, wani ya sake shawara. Batun kuɗi ma a gama shi tun farko. Kada ka sayi hira, domin wanda aka biya abin da kake son ji zai faɗa maka. Amma in ka hana mutum aikin yini, biya shi ladan yininsa da kuɗin mota.

Jirgi marar matuƙi kuwa, a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, ka san ƙa'idojinta kafin ka fita ɗauka.

Sauti kafin hoto

Mai kallo yakan yafe hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana zai tashi. In kuɗinka kaɗan ne, yi amfani da wayar da ke hannunka, ka kashe kuɗin a kan ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a riga, da na'urar naɗar sauti, da abin saurare na kunne. Maƙala makirufon kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda mayafi ko babbar riga ba za su riƙa gogarsa ba. Naɗi a 48kHz, ka saita yadda ƙarfin murya zai riƙa kaiwa wajen -12dB. In ya taɓa sifili sautin ya fashe, ba gyara. Abin sauraren kada ya bar kunnenka. Shi zai nuna maka ƙugin firiji, fanka, da janaretan maƙwabta, waɗanda kunne ya saba da su har ya daina ji. A kashe wanda za a iya kashewa, ko da za a sha gumi. Tsara hira ta ƙare kafin kiran sallah, kuma kafin kowa ya motsa ka naɗi minti ɗaya na shirun ɗakin, da shi ake cike gurbi wajen tacewa.

A kyamara, saita hoto 25 a daƙiƙa da shata (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) 1/50. Wutar lantarkinmu 50Hz ce, in ka bar ta a 30 za ka ga fitilun ɗaki suna ƙyaftawa a hoton. Ranar tsaka sai da gilashin ND mai rage hasken da ke shiga kyamara, in ba haka ba farin kaya da sararin sama duk su ƙone. Da hunturu kada ka canza gilashin kyamara a fili, ƙura za ta hau na'urar ciki ta bar ɗigo a kowane hoto. Da bazara kuma ƙananan kyamarori kan mutu don zafi a doguwar hira, sai ka nemi inuwa ka riƙa hutar da ita. Batir aƙalla uku.

Ajiya da tacewa

Kyamarar da ke ɗauka a 100Mbps tana cin 45GB a awa ɗaya. Awa 40 ke nan 1.8TB, kuma kwafi uku ake yi, ɗaya a wani gida daban. Ba a goge katin kyamara sai an buɗe kwafin an ga yana aiki. Sa wa kowace jaka kwanan wata da sunan wuri.

Kafin ka taɓa manhajar tacewa, rubuta duk hirarrakin kalma da kalma tare da lokacinsu, ka jera labarin a takarda. DaVinci Resolve na da nau'in kyauta da ya isa wannan aiki. Fassarar ƙasan allo kada ta wuce layi biyu, kowane layi harafi 42 ko ƙasa, kuma a ba wanda ya ji Hausa sosai, don karin magana ba ya fassaruwa kai tsaye. Waƙar da ba ka da izininta a rubuce, cire ta, ko da daga rediyon mai shayi ta shigo. YouTube na gane ta, masu saye kuma za su tambaya.

Kuɗi da fitar da fim

A aikin kwangila karɓi rabin kuɗi kafin ka kunna kyamara. Rubuta sau nawa za a yi gyara, biyu ya isa, da kuma wanda ya mallaki ɗanyen hotunan. Rashin wannan layi ɗaya ne ke sa aikin mako uku ya koma na wata shida.

Don naka fim ɗin akwai asusun tallafi da ke karɓar masu fim daga Afirka, irin su IDFA Bertha Fund na Amsterdam, Hot Docs-Blue Ice na Kanada, da asusun dokumentari na Sundance a Amurka. Durban FilmMart a Afirka ta Kudu kuma wurin tallata fim ne tun bai kammalu ba. Kusan duka abu ɗaya suke nema, da Turanci ko Faransanci: labarin a jimla ɗaya, taƙaitawa, bayanin yadda za ka ɗauke shi, kasafin kuɗi, da samfurin bidiyo na 'yan mintuna. Samfurin ne ya fi nauyi, don shi ke nuna mutanen sun yarda da kai. Sa albashinka a kasafin, ka ƙara kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba, saboda haka kada ka jingine ɗauka kana jiran amsa.

Da fim ya kammala, fara nuna wa waɗanda ke cikinsa. Sannan bukukuwan fina-finai: iREP a Legas na dokumentari ne zalla, akwai Zuma a Abuja, da FESPACO a Wagadugu duk bayan shekara biyu, da IDFA a watan Nuwamba. Manyan bukukuwa na son a ce a wurinsu aka fara nuna fim, don haka wanda ya yi gaggawar ɗora shi a YouTube ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Bayan su sai gidajen talabijin, kuma lasisi za ka ba su, na ƙayyadadden lokaci da ƙayyadadden yanki, mallaka ta zauna a hannunka. YouTube shi ne na ƙarshe, kuma ba ya fara biyan kuɗin tallan dogon bidiyo sai tasharka ta samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12.