Yadda Za Ka Rage Ƙarar Lantarki a Rediyon Jirgin Ruwa

Kada ka yi saurin zargin rediyon. Sau da yawa wata na'ura ce a cikin jirgin take jefa masa ƙarar.

Fara da gano ta. Kashe injin da duk kayan lantarki, ka bar rediyon VHF, wato rediyon sadarwar jirgin, kaɗai a tashar da ba a magana. Juya maɓallin da aka rubuta SQL a kansa har ka ji shuu, sannan ka mayar da shi a hankali har ya yi tsit. Yanzu kunna kayan ɗaya bayan ɗaya: famfon kwashe ruwa, cajar waya, na'urar auna zurfi, fitilu. Wadda shuu ɗin ya dawo da ita, ita ce. Ka sa ido sosai kan fitilun LED. A 2018 rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta yi gargaɗin cewa wasunsu suna toshe VHF. Wannan ya fi damuna, domin kiran neman agaji a tasha ta 16 zai iya wuce ka.

Sai ka tayar da injin. Fito mai tashi idan ka ƙara gudun injin daga altaneta yake, wato na'urar da ke cajin batir. Ja wayar rediyon kai tsaye daga batir, da fiyus kusa da batirin, ka murɗe jar waya da baƙar tare, ka sa musu zoben ferait, mai rage ƙarar lantarki a waya, kusa da rediyon.

Nesanta wayar eriya daga wayoyin wuta. In dole su haɗu, su gitta juna. Mahaɗin da gishiri ya ci, canja shi.