Ruwa garau amma kifi na mutuwa: kurakuran da muke yi da tankin kifin ado

Tankina na farko kifi shida na zuba, irin jajayen nan goldfish. Ranar da na sayo tankin a ranar na cika shi da ruwan famfo, na jona filta, na juye su ciki ina ta murna yara sun zagaye gilashi. Kwana tara suka ƙare ƙaf. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ruwan nan tas yake kamar ka ɗiba ka sha, har na fara zargin ko marasa lafiya aka sayar min, ashe ni na kashe su da hannuna.

Abin da ban sani ba lokacin, kuma yawancin masu farawa ba su sani ba, shi ne babban aikin filta ba tace dattin da ido ke gani ba ne. Wannan ƙaramin aikinta ne. Kifi yana fitar da amoniya ta wajen da yake numfashi a gefen kansa, kashinsa da ragowar abinci ma idan suka ruɓe amoniya suke zama, kuma guba ce wadda ba ta da launi. Akwai wasu bakteriya masu amfani da suke zama a jikin soson filta da tsakuwar ƙasan tanki, kashi ɗaya suna maida amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne don yana hana jinin kifi ɗaukar iska, sai wani kashin ya maida naitirait ɗin naitiret, wanda shi da sauƙi kuma canjin ruwa ke fitar da shi. To kaga filta gidan waɗannan halittu ne. In ka riƙe wannan, sauran kurakuran ma da kanka za ka gano su.

Shi ya sa kuskure na farko shi ne wanda na yi, sabon tanki a cika shi da kifi rana ɗaya. Bakteriyar nan ba a sayo ta tare da filta, sai ta ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin ta yi yawan da za ta iya aikin. Gyaransa haƙuri ne kawai: ka kunna filta babu kifi, kana ɗan barbaɗa abincin kifi kaɗan duk bayan kwana biyu ya ruɓe ya ciyar da su. In kuma kana da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, roƙe shi guntun sosonsa mai dattin nan ka tura cikin filtarka da jiƙarsa, wannan yana rage maka jira sosai. Sannan kifi biyu ko uku za ka fara sawa, bayan sati biyu ka ƙara.

Na biyu kuma shi ya fi ba ni tausayi don masu tsafta yake kamawa. Mutum ya ga soso ya yi baƙi sai ya kai shi bakin famfo ya dirje shi fes, wani har da omo, wani ya shanya a rana, sannan ya kwashe kifi a bokiti ya zubar da ruwan duka ya wanke tsakuwa ya zuba sabo. Wallahi wannan komawa ranar farko ce, duk abin da ka tara na wata biyu ka kashe shi a minti goma, bayan kwana uku kifi su fara hawowa sama suna haki kai kuma kana cewa ai jiya jiyan nan na wanke. Yadda ake yi shi ne ka ɗebi ruwan tankin a bokiti, ka matse soson a ciki sau uku ko huɗu ya saki laka, ka mayar da shi da launinsa na ƙasa-ƙasa. Ba a so ya yi fari. Sau ɗaya a wata ya isa, ko in ka ga ƙarfin ruwan da ke fitowa ya ragu. In soso ya tsufa har yana marmashewa, raba shi biyu ka canza rabi, sauran rabin sai bayan wata guda. Sabulu kuwa kar ya kusanci komai na tanki, bokitin kifi ma a ware shi daban, kar ya zama na wanki.

Canjin ruwa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ne duk sati, da tiyo kana zuƙo dattin cikin tsakuwa. Kuma ciko ba canji ba ne fa. Lokacin hunturu ruwa na ƙafewa da sauri, sai mutum ya dinga ƙarawa yana ganin ya yi canji, alhali abin da ya tashi zallan ruwa ne, naitiret da gishirin ruwan suna nan suna taruwa. Sai ka fitar sannan ka zuba.

Sai maganar wane ruwa. Ruwan famfo na hukuma ana sa masa kulorin, kuma kulorin ba ta san bakteriyar kirki da ta banza ba, tana kuma ƙona wajen numfashin kifi. In kulorin ce zalla, barin ruwa a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya zuwa biyu yana sa ta tashi, amma akwai wuraren da ake amfani da kuloramin wadda ita ba ta tashi da ajiya, don haka ni dai na fi natsuwa da maganin cire kulorin irin su Seachem Prime, ɗigo kaɗan ne kuma kwalba tana daɗewa. Ruwan burtsatse ba shi da wannan matsalar amma yakan fito da ƙarancin iska, wani kuma da ƙarfe a cikinsa za ka ga bokiti ya yi ja-ja bayan ya kwana, shi ma a bar shi ya kwana da famfon iska, ɗan injin nan mai hura iska cikin ruwa, yana aiki a ciki. In kuma 'yan garuwa ke kawo maka, ka tabbatar jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba. Zafin sabon ruwan ya zo kusa da na tankin, kar ka ɗebo daga tankin saman kwano da azahar ka antaya musu.

Abinci, a gaggauce: abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. Kifi kullum kamar mayunwaci yake, in ka biye masa ko yara suka biye masa, ragowar amoniya ce. A ɓoye robar abincin.

Girman filta ma ana kuskurensa. Auna tsawo da faɗi da zurfin tanki da santimita, ka ninka su ka raba da 1000, shi ne litarka. Tanki mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, kuma ana so filta ta juya ruwan aƙalla sau huɗu a awa, wato mai lita 216 a awa zuwa sama. Goldfish kuwa sun fi kowa ƙazanta, kuma suna girma, shida a irin wannan tankin da na yi zalunci ne ko da filta biyu.

Abin da ya fi damun mu a nan shi ne wuta. Bakteriyar filta da iska take rayuwa, in aka ɗauke wuta ruwa ya tsaya awanni sai su fara mutuwa, musamman a filtar da take rufe ruf, ruwan cikinta ya yi ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ana kawo wuta kuma ta feso shi cikin tanki. In wuta ta daɗe ba ta zo ba, cire filtar daga soket, buɗe ta ka zubar da ruwan ciki, ka jefa soson cikin tankin. Ni tun da na koma filtar soso mai aiki da famfon iska na huta, don akwai famfon iska mai batir ko mai caji da ke kama aiki da kansa, ƙaramin sola ma yana ɗaukarsa. Wasu kuma da kansu suke kashe filta da dare wai ƙara ko tattalin wuta, to a daina, awa 24 take aiki. Ranar da ba wuta kar ka ba su abinci, kifi lafiyayye yana yin kwana biyu uku ba ci ba abin da zai same shi.

Ga kuma zafin bazara. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba, kuma amoniya ta fi dafi in ruwa ya yi ɗumi. A watan Afrilu ka ɗage murfi, ka sa fanka ta dinga kaɗa saman ruwan, ka janye tankin daga taga, don rana ce ke maida ruwa kore shar. Da dare kuma in za a fesa maganin sauro a ɗakin, kashe famfon iska ka rufe tankin da zani har warin ya fita, don iskar ɗakin yake turawa cikin ruwa kuma maganin sauro yana kashe kifi nan take.

Gawayin nan baƙi da ke zuwa cikin wasu filtoci yana cire wari da launi, amma bayan sati uku ko huɗu ya gama aiki, kuma in kana sa wa kifi magani sai ka cire shi don shanye maganin yake yi.

Duk wannan da ido ba za ka gane ba sai da kayan gwaji, irin na ɗigo kamar na kamfanin API ya fi na takarda gaskiya. Amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. In ka ga amoniya ko naitirait sun ɗaga ko da 0.25 ne, canza rabin ruwan da wanda aka cire wa kulorin, tsayar da abinci, kar ka taɓa soso, gobe ka sake gwadawa.