Ƙwaron nan mai wari da ke shigowa ɗaki idan kaka ta yi

Duk wanda ya sauka a gabashin Amurka, ko Italiya, Siwizalan da kudancin Jamus, zai iya haɗuwa da wannan ƙwaro mai wari tun lokacin kaka na farko da ya yi a can. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sai ka ga wani ƙwaro launin ƙasa-ƙasa maƙale a labule ko yana tafiyar ƙasaita a jikin taga. Sabon zuwa yakan firgita, ya ɗauka kuɗin cizo ne ya yi ƙiba, har ya fara tunanin fitar da katifa. Kwantar da hankalinka. Kuɗin cizo ƙarami ne, ja-ja, ba ya tashi sama, kuma a ɗinkin katifa yake ɓuya. Wannan kuwa tsawonsa ya kai milimita 12 zuwa 17, yana da fukafukai, bai damu da a gan shi ba.

Ga yadda za ka gane shi. Bayansa siffar garkuwa ce, faɗi wajen kafaɗa, tsukewa wajen ƙarshe. Siraran ƙahonnin da ke kansa suna da zobe fari-fari, gefen cikinsa kuma layi-layi ne, fari da duhu. Akwai ƙwari 'yan asalin ƙasashen nan masu kama da shi, amma wanda ke cika gidaje shi ne wannan, wanda masana ke kira Halyomorpha halys. Shi ma baƙo ne: asalinsa Sin, Japan, Koriya da Taiwan. A garin Allentown na jihar Pensilbaniya aka fara kama shi a Amurka a 1998, daga baya ya bazu a Turai ta cikin kayan da ake jigila.

Ba ya cizo, ba ya cin katako ko tufafi, kuma ba ya ƙwai a cikin gida. Mafakar hunturu kawai yake nema. Yakan lafe a bayan allon bango, ƙarƙashin rufi ko cikin akwatunan ajiya, sai ɗumin hita ya ruɗe shi ya fito a tsakiyar Janairu yana karo da fitila da wata ƙara mai ban haushi. Zuwansa ba alamar ƙazanta ba ce, don haka kada uwargida ta wahalar da kanta da goge-goge. Ɓarnarsa a gona take: yana soka bakinsa a tuffa, tumatir, masara, tattasai da waken soya ya tsotse ruwa. A 2010 manoman tuffa na jihohin tsakiyar gabar gabashin Amurka sun yi asarar kusan dala miliyan 37 saboda shi.

Abu guda da za ka kiyaye: kada ka murƙushe shi. Da ya ji an takura masa sai ya saki wari daga ƙasan ƙirjinsa, warin kuma yana kama yatsa da labule. Ka zuba ruwa da sabulun wanke-wanke a kwano ko roba, ka turo shi ciki da takarda, nan zai nutse. Injin zuƙar ƙura yana aiki, sai dai shi ma zai ɗauki warin, sai ka yi ta juye jakarsa a waje. Ni dai ban ga amfanin fesa magani a ɗakin da yara ke kwana ba, tunda ba zai hana wasu shigowa ba.

Maganin gaske tun watan Agusta ake yinsa. Ka duba ragar taga ko ta yage, ka duba ratar ƙasan ƙofa, gefen na'urar sanyaya ɗaki da inda bututu ya ratsa bango. Idan haya kake, rubuta wa mai gida ko ofishin ginin, ka haɗa da hoton ƙwaron, a zo a toshe kafin sanyi ya fara.